Yadda za ku haɗa rahoton rediyo da wayar hannu ku ba da labarin unguwarku da bakinku

Wannan rubutun na ƙannenmu ne, 'yan sakandare da waɗanda suka gama suna zaman jiran sakamako, maza da mata, musamman na nan Kebbi, tun daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, Jega, Yauri, Zuru har Kamba. Da wuya ka shiga gida a ƙasar nan ka ga babu rediyo, ko dai ƙaramar nan da Baba ke ratayawa a kafaɗa in zai tafi fadama ko ta cikin waya, kuma tun 1957 BBC ke magana da Hausa, ta Jamus ta biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, ga na gida irin su Equity FM da Vision FM da rediyon jiha, amma dan Allah ku gaya min sau nawa kuka ji ɗan shekara 15 yana faɗin damuwarsa da bakinsa a cikinsu. Kullum ana maganar yara, masu talla, almajirai, waɗanda suka bar makaranta, amma manya ke yin maganar su kuma yaran na gefe. Alhali waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kuma ku sani akwai inda ku za ku shiga wanda babban ɗan jarida ba zai taɓa shiga ba, yarinya tana iya zama a tsakar gida da matan aure suna gumin shinkafa ana hira ba wanda zai rufe baki, wannan damar a hannunku take.

Ku fara da haɗa kanku

Mutum uku zuwa biyar sun isa, in kuka yi yawa surutu za a yi ba aiki ba. A samu mata a ciki dole, don in maza zalla ne to rabin garin ya rufe muku ƙofa tun ba ku fara ba. Sannan ku nemi babba guda ɗaya da zai tsaya muku, malamin Hausa ko wanda ke kula da kulob ɗin 'yan jarida a makarantarku, ko wata yaya da ta yi karatu a unguwa kuma iyaye sun yarda da ita. Shi ne zai rubuta muku takarda in za ku je ofis, shi ne zai saurari aikin kafin ya fita, kuma in wata magana ta taso shi za a nema ba ku ba. Kowa ya gaya wa iyayensa, kar a yi a ɓoye. A dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, don haka izinin iyaye ba kwalliya ba ce, da ku da duk yaron da za ku ɗauki muryarsa.

Zaɓen labari, nan ne aikin yake

Yawancin masu farawa a nan suke ɓata, sai ka ji an ce "za mu yi shiri a kan ilimi" ko "a kan matsalar matasa". Wannan ba labari ba ne, kan magana ne na muhawara, in kuka bi shi za ku ƙare da wa'azi na minti goma wanda ko ku ba za ku iya saurarensa har ƙarshe ba. Labari mutum ne, wani abu ya same shi, yana neman mafita. Maimakon ilimi, ku nemo yaron da sai ya shiga kwalekwale kullum kafin ya kai makaranta a ƙasar Yauri, me yake yi in ruwa ya cika, nawa ake biya, me mahaifiyarsa ke ji tun bayan haɗarin jirgin ruwa na Warrah a watan Mayun 2021. Maimakon noma, ku nemo wanda ambaliyar 2020 ta cinye masa shinkafa tana gab da nuna, ga bashi a kansa, yaya aka yi gidan suka ci abinci a wannan shekarar, waye aka cire daga makaranta. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a ƙarshen 2015, gidaje da yawa sun shiga, kuma ɗan gidan ya fi kowa sanin abin da ya biyo baya, na alheri da na akasin haka.

Kuma ba dole sai labarin kuka ba, wannan ina so ku riƙe shi sosai, domin in kullum wahala kawai muke nunawa to mu ma mun rage wa garinmu daraja. Bikin kamun kifi na Argungu tun 1934 ake yinsa, UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, kowa ya ga hoton dubban mutane suna rugawa cikin kogin Matan Fada da gora da homa, amma wa ya taɓa zama da yaron da ubansa ke koya masa yadda ake kwanciya a kan gora ba tare da ta juye ba? Ga masu albasa a Aliero da yadda suke adana ta don kar ta ruɓe kafin kuɗinta ya tashi, ga masu ɗorin ƙashi na garin da ake zuwa wurinsu daga nesa, ga bikin Uhola a ƙasar Zuru, ga bikin Rigata a Yauri, ga yaran Kamba da ke juya Hausa da Zabarmanci da ɗan Faransanci a kasuwa ɗaya.

Gwajin da za ku yi wa kowane labari shi ne, ku faɗe shi a jimla ɗaya da ta fara da mutum. Misali, wata yarinya tana taya mahaifiyarta gumin shinkafa tun asuba don ta tara kuɗin jarabawa, ga lokacin biya ya matso. In jimlar ta fito haka, kuma wanda kuka gaya wa ya ce "to sai me ya faru", kun samu. In ba ta fito ba ku sake nema. Sai kuma tambaya ta biyu, labarin yana da sauti? Rediyo kunne ne, gumi yana da ƙarar itace a murhu da tafasar tukunya da injin casa, to wannan zai yi daɗin ji.

In kuma labarin kanka ne kake son bayarwa, ko ke naki, hanyar ta ɗan bambanta. Kowane dare ka ɗauki waya ka yi magana ta minti biyu ko uku a kan abin da ya faru ranar, kamar kana gaya wa amininka, ka yi haka na sati ɗaya ko biyu ba tare da ka saurara ba, daga baya ka zauna ka ji duka, za ka ga labarin ya fito da kansa. Sai dai abin da ka faɗa a kan gidanku ba naka ba ne kai kaɗai, akwai Mama a ciki, akwai Baba, akwai kishiyar Mama da 'ya'yanta, kuma abin da ya shiga WhatsApp ba ya dawowa. Duk abin da ya shafi sirrin gida a bar babban da ke tsaya muku ya ji, wanda abin ya shafa ma ya ji, kafin kowa.

Kayan aiki

Wayar Android ko wace iri ta isa, ko ta aro ce. Kusan kowace tana zuwa da rikoda a ciki, ku shiga saitin ta ku zaɓi inganci mafi girma. In akwai zaɓin WAV, wato wani nau'in fayil na sauti, ku ɗauke shi don ya fi tsabta, amma yana cin wuri, minti ɗaya kusan MB 5 ne in layi ɗaya ne (mono), in biyu ne (stereo) kusan 10, shi kuwa MP3 mai kyau minti ɗaya wajen MB 1 ne, to ku duba memori kafin ku fita. Kar ku ɗauki hira da madannin saƙon murya na WhatsApp, yana matse sauti, kuma yatsa na zamewa komai ya tafi.

Kafin a danna rikodin a danna alamar jirgin sama a kashe layi gaba ɗaya, in ba haka ba kira zai shigo a daidai inda Inna ta fara faɗin abin da kuka zo nema, kuma ba za ta sake faɗinsa yadda ta faɗa da farko ba. Ku nemo inda makirfon wayar yake, yawanci ƙaramin rami ne a ƙasa kusa da wurin caji, shi za ku nuna wa bakin mai magana ba fuskar wayar ba, tazarar taƙi ɗaya, a ɗan karkace gefe don iskar baki kar ta riƙa bugunsa. Wayar a hannunka za ta zauna, kar ka miƙa wa mai magana, zai riƙa juya ta yana nuni da ita. Hannun kuma ya tsaya cak don duk motsin yatsa yana shiga. Lokacin hunturu iska ce babbar matsala, a saka wa ƙasan wayar safa mai tsabta ko guntun soso na katifa, a juya wa iskar baya. Lokacin bazara kuma, zafin Maris da Afrilu na nan kun san shi, waya in ta sha rana tana iya ɗaukewa da kanta, a nemi inuwa. Fawa banki, iyafis, littafi da biro, shikenan.

Ku yi gwaji a gida tukuna, ku ɗauki ƙaninku na minti ɗaya a ɗaki, a tsakar gida, a bakin titi, ku saka iyafis ku ji bambancin. Kunne zai koya muku abin da rubutu ba zai iya ba.

Neman izini da maganar tsaro

Ba a zuwa wa mutum da waya a buɗe. Ranar farko gaisuwa ce kawai, a yi sallama, a durƙusa a gaida mutane yadda aka saba, a ce Baba mu 'yan makaranta kaza ne, muna koyon aikin rediyo, muna so ka ba mu labarin sana'arka in ba damuwa. In matar aure ce a nemi izinin maigida, in unguwar ba taku ba ce a fara da mai unguwa, in bakin ruwa ne a gaida Sarkin Ruwa, wannan ba ɓata lokaci ba ne, shi ke sa gobe in an gan ku da waya ba wanda zai tsargu. Ku faɗi gaskiyar inda muryar za ta je, in gidan rediyo ne ku ce gidan rediyo, in Facebook ne ku ce Facebook kuma ku bayyana cewa har wanda ke Legas ko Yamai zai iya ji. Kar ku yi alƙawarin cewa gwamnati za ta kawo taimako in an ji, ba a hannunku yake ba, kuma mutanenmu sun gaji da irin wannan alƙawarin. In ya yarda, farkon abin da za ku ɗauka shi ne yardar tasa da bakinsa, da yadda yake so a kira shi. In ya ce a'a ku yi godiya ku tafi, in kuma bayan kwana biyu ya aiko cewa ya fasa, to a cire, ko da ita ce hira mafi daɗi da kuka samu.

Yanzu maganar da ta fi komai nauyi. Mun san halin da ake ciki a wasu sassan jihar nan da maƙwabtanmu Zamfara, an kwashe 'yan mata a Jangebe a Fabrairun 2021, an shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni na shekarar, kuma wasunku suna zaune aji ɗaya da yaran da suka baro ƙauyukansu. Labarin yana da muhimmanci, ba na musu, amma wallahi babu rahoton da ya kai ran mutum. Kar ku shiga daji, kar ku je garin da ake kai hari, kar ku ɗauki jami'an tsaro ko 'yan sa-kai ko shingen bincike, kar ku tambayi kowa waye infoma ko ta ina ake kai kuɗin fansa, wannan ba aikin ɗan sakandare ba ne, manyan 'yan jarida ma da taka tsantsan suke yinsa. Abin da za ku iya shi ne labarin rayuwa bayan an tsira, yarinyar da ta dawo gidan gwaggonta a birni ta koma aji, yadda ta sami kayan makaranta, abin da take kewa a gida. Ko a nan ɗin ba a faɗin suna, ba a faɗin sunan ƙauye, ba a faɗin sunan uba ko sana'arsa in za ta nuna shi. Kuma kar ku yarda da manhajar canza murya, mutanen ƙauye ɗaya suna gane juna ta salon magana ko an siranta muryar, gara ku rubuta abin da ta faɗa wata daga cikinku ta karanta, ku gaya wa mai sauraro cewa an sakaya muryar mai labarin saboda tsaro. In tana magana ta fara kuka, a kashe rikoda, a bar ta ta huta, ita za ta ce a ci gaba ko a bari. Haka duk abin da ya shafi fyaɗe ko cin zarafi, wannan ba na shiri ba ne, a kai wa babba a nema wa yarinyar ko yaron taimako.

Ranar hira

Ku zaɓi lokaci da hankali, ba dab da sallah ba, ba lokacin da uwar gida ke tsakiyar girki ba sai in girkin ne labarin. Wuri kuma ɗakin da ke da katifa da labule da kaya ya fi aji ko zaure wanda babu komai, don fanko yana amsa kuwwa. A roƙi a kashe fanka da talabijin na ɗan lokaci, in maƙwabci ya tada janareto a matsa ko a jira, ƙarar janareto da wuya take fita a editin, wato gyaran sauti bayan ɗauka. Ku zauna kusa, gefe da gefe, in a tabarma yake ku ma ku sauka ƙasa.

Tambayoyi biyar ko shida a takarda sun isa, su ma don kar kai ya ɗaure ne. A fara da mai sauƙi, Mama tun yaushe kike wannan sana'ar, wa ya koya miki. A guji tambayar da amsarta e ce ko a'a. In ka ce "Mama aikin nan da wahala ko?" za ta ce da wahala, magana ta mutu. Amma in ka ce "Mama ki ba ni labarin jiya tun daga tashinki har kika kwanta", za ka ji ƙarfe nawa ta hura wuta, tiya nawa ta jiƙa, nawa ta sayi itace, yadda hayaƙi ke mata a ido, da wanda ya karɓi shinkafa bashi tun watan jiya bai biya ba. Tambayoyin da suka fi ciro magana gajeru ne, sai me ya faru, me kika ce masa, a ina kike tsaye lokacin, me ya zo miki a rai. Ku riƙa neman rana guda da abu guda, in ta ce "muna shan wahala" ku ce wace rana ce ba za ki manta ba.

Abu mai wuya a wurinmu shi ne yin shiru. Mun saba in babba na magana muna "na'am", "haka ne", "Allah sarki", wannan ladabi ne amma a rikodin yana hawa kan muryarta ya hana yankawa. To ku gaya mata tun farko, Mama zan yi shiru ina gyaɗa kai ne kawai saboda na'ura, ba rashin kunya ba ne. Kuma in ta kai aya kar ka yi saurin jefa wata tambayar, ka ƙirga uku a zuci, sau da yawa maganar gaske bayan wannan ɗan shirun take fitowa. A bar kowa ya yi da harshen da ya fi sakewa, in Dakarci ne ko Fulatanci ko Zabarmanci ko Kambarci a ɗauka haka, daga baya a ɗora fassarar Hausa a kai a bar muryarsa tana ji ƙasa ƙasa. Ku ma kar ku maƙale murya kuna kwaikwayon masu karanta labaran duniya, Hausarku ta Kabi ko ta Yauri ba ta da aibi. A ƙarshe ku tambaya, akwai abin da ban tambaya ba da kike so a sani? Sannan kafin ku bar gidan ku saka iyafis ku tabbatar ya ɗauka.

Kar ku tafi ba ku ɗauki sautin wurin ba, shi daban, kowanne kamar minti ɗaya kuma ba mai magana a kai, tafasar tukunya, shara, injin casa, kabukabu na wucewa, filafili yana bugun ruwa, hayaniyar 'yan awo. Ku matsa kusa da abin sosai. Sai kuma rabin minti na shirun ɗakin da aka yi hirar, zai yi muku amfani wurin cike gurbi in kun yanka.

Da kun koma gida a canza wa fayil suna, kwanan wata da abin da ke ciki, a tura kwafi wata wayar ko kwamfuta a daren.

Tantancewa

Abin da mutum ya faɗa game da ransa nasa ne, amma abin da ya faɗa game da wani sai an bincika. In an ce asibitin garin ba ma'aikaci da dare, ku je ku gani, ku tambayi mutum biyu ko uku da ba gida ɗaya suke ba, sannan ku je wurin mai kula da asibitin da takardar makaranta ku ce ranka ya daɗe ga abin da mutane suka ce, me za ka ce. In ya ƙi magana ku faɗa a rahoton cewa kun nema bai ce komai ba, ba tare da habaici ba. Kar a kira sunan wani a ce ya ci kuɗi ko ya yi lalata, ɓata suna laifi ne da ake zuwa kotu a kansa kuma zunubi ne. Adadi kuma in ba ku san daga inda ya fito ba ku bar shi, sautin da aka turo a guruf ba hujja ba ne. Ku nisanci maganar da za ta haɗa ƙabila da ƙabila ko addini da addini, jihar nan mutane iri iri ne ke zaune tare kuma mun ga abin da kalma ɗaya ke jawowa.

Rubutu da ɗaukar muryarka

Ku zauna ku saurari hirar duka, kuna rubuta minti da sakan na wuraren da suka taɓa ku. Daga hirar minti 20 abin da zai shiga bai wuce minti biyu ko uku ba, gutsure uku ko huɗu, kowanne sakan 20 zuwa 40. Rahoton farko kar ya wuce minti huɗu ko biyar. Zai yi zafi ku yar da sauran, amma haka aikin yake.

Jerin da ya fi sauƙi shi ne a buɗe da sauti na sakan kaɗan, sai muryarka ta gaya mana ina muke, sai mai labari, sai kai ka haɗa zuwa gaba, haka har ƙarshe. Rubutun rediyo na baki ne, gajerun jimloli, abu ɗaya a kowace jimla, kuma ka faɗi abin da idonka ya gani tunda mai sauraro ba ya wurin. Kar ka fara da "kamar yadda kowa ya sani noman shinkafa na da matuƙar muhimmanci ga tattalin arziki", kafin ka gama an murɗa tasha. Ka ce wani abu kamar, "Ko kiran assalatu ba a yi ba, amma wuta ta kama a gidan nan. Rabin ganga ce a kan murhu, cike da shinkafar da ta kwana a ruwa. Mai juya ta 'yar aji biyar ce, kayan makarantarta na rataye a igiya." Ka ga yanzu mutum ya shigo gidan. Kar kuma ka riga mai labari faɗin abin da za ta faɗa, in za ta ce kuɗin bai cika ba, kai ka tsaya a "na tambaye ta nawa ta tara". Kar ka gaya mana abin tausayi ne, mu za mu ji da kanmu. Ka karanta rubutun da ƙarfi, duk inda harshe ya sarƙe ko numfashi ya ƙare to jimlar ce ba ta yi ba, a sake ta.

Wurin ɗaukar muryarka, ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa ka lulluɓa da bargo kai da wayar, ko cikin mota a rufe gilashi in akwai, da dare bayan gari ya yi tsit. Ka yi kamar mutum ɗaya kake ba labari. In ka yi tuntuɓe kar ka kashe, ka ɗan tsaya ka maimaita jimlar daga farko.

Editin kuma, in akwai kwamfuta a makaranta ko shagon wani yayanku a saka manhajar gyaran sauti ta Audacity, kyauta ce. A waya akwai irin su Lexis Audio Editor, tana yanka tana haɗawa. Layi ɗaya na muryoyi, layi ɗaya na sautin wuri a ƙasa, a rage shi sosai in ana magana. A daidaita ƙarfi don kar muryarka ta fi ta mai labari tashi. Kana iya cire tari da maimaici da inda aka kauce, amma haramun ne a wannan aikin ka yanko farkon wata magana ka liƙa da ƙarshen wata har ma'ana ta canza, amana ce aka ba ka. Kiɗa kuma kar ku ɗauko waƙar mutane ku saka, haƙƙin mallaka ne kuma Facebook na iya toshe sautin, in dole sai da kiɗa ku roƙi mai gurmi ko mai kalangu na unguwa ya kaɗa muku na minti ɗaya ku ambace shi a ƙarshe. Da kun gama ku fitar da shi a MP3, ku saurara a lasifikar ƙaramar waya ba a iyafis kawai ba, don a irinta mafi yawan mutane za su ji.

Fitar da shi

Wanda zai fara ji shi ne mai labarin, ku koma gidan ku kunna mata, in akwai abin da ta ce a cire a cire. Sai babban da ke tsaya muku. Bayan nan a fara da kusa, a kunna a asambuli da lasifikar makaranta, ko a taron iyaye da malamai, ku tsaya a baya ku lura da inda mutane suka yi tsit da inda suka fara hira, nan za ku gane inda rahoton ya yi sanyi.

Gidan rediyo kuma ba wurin tsoro ba ne. Ku haɗa rahoto biyu ko uku masu kyau tukuna, malaminku ya rubuta takarda da hatimin makaranta zuwa ga shugaban sashen shirye-shirye, ku je da su a filashi ko a waya, ku nemi a ba ku minti biyar a cikin wani shiri na yara ko na matasa da ake da shi, wannan ya fi sauƙin samu a kan neman sabon fili, don fili na kansa yawanci kuɗi ake biya ko a nemo mai ɗaukar nauyi. Ranar 13 ga Fabrairu ita ce ranar rediyo ta duniya, 27 ga Mayu kuma ranar yara a Najeriya, gidajen rediyo kan nemi abin sakawa a irin waɗannan ranakun, to ku kai naku sati biyu ko uku kafin nan. In furodusa ya ce a gyara kaza ku karɓa ku gyara, ku roƙe shi ya bar ku ku zauna a sutudiyo ku ga yadda ake aiki ko na rana ɗaya ne. Masu ƙwaƙwalwar haɗa na'ura kuma, na san akwai ku, kar wanda ya haɗa taransimita ya hau iska da kansa, sai da lasisin NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, ake wannan.

In za ku saka a WhatsApp ko Facebook, ya fita ta shafin kulob ko na makaranta wanda babba ke riƙe da shi, ba ta lambar wata yarinya a cikinku ba, kuma kar a ɗora hoton mai labari sai da yardarta daban, izinin murya ba izinin hoto ba ne. A rubuta layi biyu a sama, labarin me ne kuma su wa suka haɗa. Asalin hirar da ba a yanka ba a ajiye ta wuri biyu, wanda ya shafi tsaro kuma a goge shi daga wayoyinku a bar shi wurin malam kaɗai. Sannan ku sa ranar zama na gaba tun kafin ku watse, kowa ya zo da jimlarsa ɗaya ta sabon labari, wanda ya riƙe waya wancan karon shi zai yi rubutu a wannan, mai rubutu ya koma editin.